Babi na Huɗu: Madafin da Ba a Hura Wuta

A shekarar 1904 wani likita ɗan ƙasar Suwizalan, Maximilian Bircher-Benner, ya buɗe gidan jinya a kan tudun da ke leƙen birnin Zurik. Masu hannu da shuni daga ƙasashen Turai suka dinga tururuwa, suna biyan kuɗi masu kauri don a tashe su da sassafe, a sa su yawo da aikin lambu, a hana su giya da taba da gahawa, sannan a dire musu kwanon gogaggiyar tuffa a ce ga abinci nan. Likitan ya yi imani cewa ganye da 'ya'yan itace suna tara ƙarfin hasken rana a jikinsu, wuta kuwa ɓarnatar da wannan ƙarfi take yi. An ce shi kansa shawara ta taɓa kwantar da shi, ya kuma danganta warkewarsa da ɗanyar tuffar da ya lazimta.

Abincin da ya fi yin suna da shi shi ne wanda duniya ta sani yau da muesli. Ga yadda ya tsara shi tun asali: a jiƙa cokali ɗaya na hatsin ot ya kwana, a matsa lemun tsami, a goge tuffa har da ɓawonta, a barbaɗa dakakken almon, a zuba cokali ɗaya na madarar gwangwani mai zaƙi. Wannan cokali na ƙarshe shi ya fi ɗaukar hankalina. Madarar gwangwani ai dafaffiya ce, ta sha wuta kafin a rufe ta. Mutumin da ake ɗauka uban cin ɗanye a Turai bai yarda ya ba majinyatansa ɗanyar madara ba, domin a zamaninsa tarin fuka yana bin madarar shanu ya shiga jikin mutane, shi kuwa likita ne tun kafin ya zama mai wa'azi.

Duk mai son shirya madafinsa don cin ɗanye, ya riƙe wannan cokali a ransa. Mun saba ganin wuta a murhu har mun manta cewa 'yar aiki ce. Ita ke tausasa hatsi da saiwa har hanji ya iya tatsar abin da ke cikinsu, ita ke kashe abin da ido ba ya gani, ita ke karya dafin da wasu tsirrai ke kare kansu da shi. Ranar da aka sallame ta, ayyukan nan ba sa bin ta su tafi, suna nan suna jiran mai yin su. Kayan da za a saya, da na'urorin da za a ajiye, da lokacin da za a ɓata, duk neman magajin wuta ne. Wasu ayyukan an samu masu riƙe su. Wasu har gobe ba a samu ba.

Daga Turai aƙidar ta haye Amurka, can ta samu dokoki da kasuwa. Ann Wigmore, haifaffiyar Lituwaniya da ta yi zamanta a Boston, ita ta yaɗa shan ruwan ganyen alkama da cin tsiron iri. Edward Howell kuma, a littafinsa na 1985, ya ba tafiyar hujjar da mabiya ke nanatawa har yau: wai kowane ɗanyen abinci yana zuwa da sinadaran da ke narkar da shi, waɗanda ake kira enzayim, zafi yana kashe su, sai jiki ya riƙa ɗiban nasa har rumbunsa ya yi ƙasa. Daga nan aka shata iyaka. Abinci ɗanye ne muddin zafinsa bai haura digiri 48 a ma'aunin Salshiyas ba, masu tsauri ma a 42 suke tsayawa. Wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri zai yi murmushi a nan, don a wannan lissafi tumatirin da aka baza a kan kwanon rufi da azahar ya riga ya karya doka.

Hujjar Howell ba ta da ƙafa. Gaskiya ne zafi yana lalata enzayim, amma ruwan tsamin da ke cikin tumbin mutum ma yana lalata galibinsu, ya narkar da su kamar kowane furotin. Jiki kuma ba rumbu gare shi ba, ƙera nasa yake yi kullum, tun daga yawu har hanji. Amfanin da ya tabbata ya fi wannan sauƙin ganewa. Bitamin C da folet ba sa jure doguwar dahuwa, musamman irin tamu, a bar ganye yana tafasa har ya sake kama, sannan a tsiyaye ruwan a zubar. Mai cin ɗanye, ko bai yi niyya ba, ya rabu da soye-soye da lemon kwalba da biskit da gishirin da ya wuce kima. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a rana. Mai cin ɗanye kuwa kafin la'asar ya ninka wannan. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a makonnin farko ya ji jikinsa sakayau, teɓa ta sauka, bayan gida ya daidaita. Sai dai ba a ko'ina wuta ke ragi ba. Jan sinadarin da ke cikin tumatir, da na karas wanda jiki ke mayarwa bitamin A, sun fi shiga jiki idan an dafa su da ɗan mai.

Ina labarin bayan makonnin farkon? Masu bincike a Jami'ar Giessen ta Jamus sun tattara bayanan mutum 513 da suka yi kusan shekara huɗu a matsakaici a kan wannan tsari, suka wallafa a 1999. Maza sun zubar da kusan kilo 10, mata kilo 12. Mace ɗaya cikin huɗu ta rame har ƙasa da nauyin da ya dace da tsayinta. Cikin matan da ba su kai shekara 45 ba, kusan kashi 30 cikin 100 al'adarsu ta rikice ko ta ɗauke ɗungurungum, kuma gwargwadon tsanantawar mace a cin ɗanyen, gwargwadon yiwuwar hakan ta same ta. Waɗannan fa ba mutanen da fari ya ci ba ne. Jamusawa ne masu firji da blenda, masu samun ayaba da mangwaro a tsakiyar hunturu. Abinci na gabansu, jikinsu na jin yunwa.

Richard Wrangham na Jami'ar Harvard, wanda ya daɗe yana bin manyan birai a dazukan Tanzaniya da Yuganda, ya kawo wannan bincike a littafinsa na 2009. Ya lura biran nan sukan ɓata wajen sa'a shida a rana suna tauna, mutum kuwa da wuya ya cika sa'a ɗaya. Haƙoranmu ƙanana ne, hanjinmu ma bai kai nasu ba idan aka gwada da girman jiki. Ko mutum bai raka shi har inda ya kai zancensa kan asalin ɗan Adam ba, awon da ya kawo awo ne. Ga misali ɗaya da ya shafe mu. A 1998 aka auna a Beljiyam yadda jiki ke amfana da furotin ɗin ƙwai: dafaffe kashi 91 cikin 100, ɗanye kashi 51. Masu fasa ɗanyen ƙwai a madara su kwankwaɗe don neman ƙarfi, rabin kuɗinsu suke ci.

Abin da ke riƙe ciki

Lokacin da na fara gwada wannan tsari da kaina, na tafi kasuwa na ciko kwando da latas da kabeji da kokwamba da karas da tumatir, na dawo ina jin na gama shiri. A rana ta uku gwaggona ta shigo ta tarar da ni a gaban tire, ina ta tauna. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ke 'yar nan, yaushe kika koma akuya?" Na yi dariya na ce, "Gwaggo, lafiya nake nema." Ta ce, "To Allah ya ba da sa'a," ta wuce ta ɗora tukunyarta. Abin da ban gaya mata ba, tun safe ƙafafuna ke rawa.

Lissafi ne ya kayar da ni. Baligi yana buƙatar wajen kalori 2,000 a rana, mai aikin ƙarfi fiye da haka. Kilo guda na kokwamba kalori 150 ne, na kabeji 250, na kankana 300. Wanda zai rayu a kan kabeji sai ya cinye kilo takwas kullum. Akuya tumbinta ɗaki huɗu ne, tana kuma tuƙa. Ni ba ni da ko ɗaya daga ciki. Ashe ginshiƙin madafin ɗanye ba ganye ba ne, mai ne da zaƙi. Kilon ayaba yana ba da kusan kalori 900, fiya 1,600, dabino 2,800, kwakwa 3,500, gyaɗa da riɗi kuwa sun haura 5,500. Daga kansu ake fara sayayya, ganye ya biyo baya.

A nan mai zuwa kasuwanninmu ya fi Bature sa'a, ko da yake bai sani ba. Ɗauki aya. A yankin Balensiya na Sipaniya suna da nasu kunun ayar da suke alfahari da shi, kuma da yake abin da suke nomawa ba ya isar su, suna sayo ƙari daga Nijar da Mali da Burkina Faso. Kunun aya da dabino da kwakwa, yadda matan gida ke yin sa, bai taɓa ganin wuta ba; da wani ne ya ƙirƙiro shi a Kalifoniya, da yanzu yana cikin kwalba mai tambari. Garin 'ya'yan kuka, wanda ke bushewa da kansa a cikin ƙwanso tun yana rataye a bishiya, sai a 2008 Tarayyar Turai ta amince a sayar da shi a matsayin sabon abinci, yau kuma a 'yan ƙananan ledoji ake auna musu shi saboda bitamin C ɗinsa. Ga goruba da magarya da kanya da aduwa da ɗinya da taura da garin ɗorawa, ga tsamiya, ga rake, ga yalo da gurji. Har hatsi muna da hanyar cin sa ɗanye, gumbar da ake dakawa don sadaka ai ɗanyen gero ce. Amma a lura, ba a taɓa jin gidan da ya mayar da gumba tuwon dare ba. Dunƙule ɗaya ake ba mutum, kuma da dalili.

Sayayyar hawa uku ce, ba kuma tare ake yin ta ba. Busassu, wato aya da dabino da riɗi da gyaɗa da kuka da tsamiya, da mudu ake auno su sau ɗaya a wata. 'Ya'yan itace sau biyu a mako, a haɗa nunannu da masu saura, don kada ayaba ta nuna duka rana ɗaya. Ganye kuwa na yau na yau ne, ko na gobe idan an matsa. Wanda gidansa ke nesa da kasuwa ya yi wannan lissafi tun kafin ya ɗauki alkawari.

Akwai kuma abubuwan da sunansu ɗanye amma sun sha wuta a ɓoye. Ƙwallon yazawa da ake sayarwa da sunan ɗanye an turara shi, domin man da ke cikin ɓawonsa yana ƙona fata, ba ya fasuwa lafiya sai da zafi. Almon ɗin Amurka tun 2007 doka ta ce sai an kashe ƙwayoyin cutar da ke jikinsa kafin ya shiga kasuwar ƙasar, bayan ya sa mutane gudawa har sau biyu. Hatsin ot na gwangwani turararre ne. A gida ma haka: garin kwaki soyayye ne, ƙuli-ƙuli soyayye ne, zogale da ramar da ake kwaɗawa dafaffu ne. Mai tsauri da ke son kwaɗon kabeji sai ya daka ɗanyen riɗi da lemun tsami da ɗan barkono ya maye gurbin ƙuli. Yana da daɗi, ban musa ba. Amma ni dai ban ga laifin da ƙuli ya yi ba, kuma idan cokali biyu nasa ne zai sa yaro ya cinye tiren ganye, na zaɓi ƙuli. Ɗanyar albasa da tafarnuwa kuwa, mai zuwa jam'i ya san hukuncinsu, sai ya ajiye su zuwa bayan isha'i.

Littattafan Amurka kan buɗe da jerin na'urori: blenda mai ƙarfi irin ta Vitamix, injin matse ruwan 'ya'yan itace, akwatin busar da abinci, da wani ɗan abu mai murɗe kabewar Turawa ta fito zare-zare kamar taliya. Kada tsadarsu ta tsorata kowa, a duba aikin da kowace ke yi. Blenda haƙoran haya ce, ita ke yin taunar sa'a shidan nan a cikin minti biyu. Wannan aiki dole ne, amma turmi da dutsen niƙa da abin goga sun daɗe suna yin sa, ba kuma sa jiran a kawo wuta. Akwatin busarwa ba komai ba ne illa fanka da ɗan ɗumi, yana aiki rabin yini ko yini guda cur ba ƙaƙƙautawa. An yi shi ne don ƙasashen da rana ke yi musu rowa. Mu da muke shanya kuɓewa da barkono da kauɗar tumatir tun kaka da kakanni, abin da ya rage mana gyara ne: a ɗaga shanya daga ƙasa, a yanka siriri, a rufe da raga saboda ƙuda da ƙura, a daina bazawa a bakin titi. Injin matse ruwa kuwa ban ba kowa shawarar sayen sa ba. Yana zubar da tuƙar da ita ce rabin amfanin, ya bar maka ruwan sukari da tsami. A Giessen ɗin nan an duba haƙoran masu cin ɗanye, aka tarar sun fi na sauran mutane zaizayewa. Wanda ya sha abu mai tsami ya kurkure baki da ruwa, ya ɗan jinkirta kafin ya sa buroshi.

Abin da ba a iya yi sai da shi kaɗan ne: wuƙa mai kaifi, katakon yanka da nama bai taɓa hawa ba, ƙyallen tata mai tsabta, kwalabe masu murfi, da robobin jiƙo. Jiƙo shi ne dahuwar wannan madafi. Aya da gyaɗa da busasshen dabino duk sai sun kwana a ruwa, don haka abincin gobe daren yau ake fara shi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Da zafi kuwa jiƙo yana saurin tsami, sai an sauya ruwa. Kunun aya ma kowa ya sani, idan babu sanyi, wanda aka yi da hantsi ba ya kai magariba.

Ruwa, da abin da ido ba ya gani

Babban aikin da wuta ta bari shi ne kisa, kuma magajinta a nan, wato ruwa, ba shi da ƙarfinta. Latas da kabeji da karas a ƙasa suke girma, da taki, kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa lambunan gefen manyan garuruwanmu da yawa ruwan kwata suke sha da rani. Abin da ke kawo taifot da kwalara da tsutsar ciki ta nan yake biyowa. A tukunyar miya duk wannan ba ya kai labari. A tiren salak kuwa babu mai tare shi sai hannun mai wankewa.

A cire ganyen waje a zubar. A rarraba sauran ɗaya-ɗaya, a wanke a ruwa uku, ana tsamo ganyen daga ruwan, ba a tsiyaye ruwan ta kansa ba, don yashi ya zauna a ƙasa. Gishirin da muke zubawa yana taimakawa wajen fito da tsutsa da datti, amma kada a ɗauka ya kashe ƙwayoyin cuta. Ruwan khal ya fi shi, shi ma ragewa yake yi. Abin da ke feruwa a fere shi, bayan an wanke shi, don wuƙa tana kwasar dattin ɓawo ta kai ciki. Kankana da abarbar da aka yanka aka jera a tire ana yayyafa musu ruwan da ba a san asalinsa ba, a bar wa mai su. Ruwan ɗauraya na ƙarshe, da wanda za a niƙa aya da shi, dole ya zama wanda za a iya sha hankali kwance, a gidaje da yawa kuwa wannan yana nufin tafasasshe. Ka ga wutar da aka kora ta ƙofa ta dawo ta taga. Idan kuma aka ce amai da gudawa sun ɓulla a unguwa, a ajiye aƙida a dafa ganye.

Tsiron iri yana buƙatar magana ta daban, domin shi ne ɗan lelen masu cin ɗanye. Ana jiƙa iri, a tsiyaye, a bar shi a kwalba cikin ɗumi da laima kwana uku zuwa biyar, ana ɗauraye shi safe da yamma. Yanayin da iri ke so ya tsira, shi ne daidai wanda ƙwayar cuta ke so ta hayayyafa. 'Yan ƙalilan da suka maƙale a jikin iri sai su zama miliyoyi, wanki kuma ba ya fitar da su. A watan Mayun 2011 wata muguwar gudawa mai jini ta ɓarke a arewacin Jamus. Mutum kusan 4,000 suka kwanta, fiye da 50 suka mutu, ƙodar ɗaruruwa ta taɓu. Da fari aka ɗora wa kokwambar Sipaniya laifi, manoma suka yi asarar da ba su ji ba ba su gani ba. Daga baya aka gano tsiro ne daga wata gona mai noma ba da takin zamani ba, hukumar kula da abinci ta Turai kuma ta bi sawun irin har zuwa hulbar da aka shigo da ita daga Masar. Hulba dai, wadda muke ajiyewa a gida. Ba ita ce mai dafi ba. Tsirar da ita da cin ta ba dahuwa shi ya buɗe ƙofa. Mu ma mun san tsiro, ana sa shi a kunun zaƙi, amma a can yana haɗuwa da ruwan zafi. Mai ciki da ƙaramin yaro da tsoho da mai jinya, ɗanyen tsiro ba nasu ba ne.

Sai ajiya. Dafaffen abinci ana ɗumama shi, ɗanye kuwa daga ranar da aka tsinko shi mutuwa yake yi a hankali. Mai firji da tsayayyiyar wuta ya huta. Wanda ba shi da su, akwai dabarar da Mohammed Bah Abba, malamin kwalejin fasaha a Jihar Jigawa, ya yaɗa a ƙauyuka har ta ci masa kyautar Rolex a shekarar 2000. Tukwanen ƙasa biyu ne, ƙarama a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke wucewa. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa ya tafi da zafin, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwa. A gwajinsa yalon da kan lalace a kwana uku ya kai kwana 27, tumatir da tattasai suka yi mako uku. Ana ƙara wa yashin ruwa sau biyu a rana. Da rani da hunturu take aiki sosai. Da damina, iska ta riga ta ƙoshi da laima, sanyin kaɗan ne.

Busassun kuma maƙiyinsu laima ce. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai fitar da dafin da ake kira aflatoksin, wanda ke cin hanta a hankali. An gano shi ne bayan talotalo wajen 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sanadin abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗar Barazil. Wannan dafi ko suya ba ta gamawa da shi, saboda haka a nan mai dafawa da mai cin ɗanye jirgi ɗaya ya kwaso su, sai dai mai cin ɗanye ya fi yawan ɗiba. A tsince gyaɗa da hannu, a zubar da motsattsiya da mai baƙi da wadda ƙwaro ya huda. Wadda ta yi ɗaci a baki a tofar. A saya kaɗan-kaɗan, a ajiye a kwalba busasshiya, nesa da bango da ƙasa.

Akwai abubuwan da ba su da gurbi a wannan madafi ko kaɗan. Jan waken Turawa ƙwaya huɗu ko biyar ɗanye sun isa su sa mutum amai da gudawa cikin 'yan sa'o'i, ba ya zama lafiya sai ya yi aƙalla minti goma yana tafasa sosai. Namu waken da waken suya suna ɗauke da sinadaran da ke hana jiki narkar da furotin, dahuwa ce ke kwance su. Rogo, musamman mai ɗaci, yana da guba ta gaske. Jiƙo da shanya da suya da ake yi masa ba al'ada ce kawai ba. A 1981, da fari ya matsa wa lardin Nampula na Mozambik, mutane suka riƙa cin rogon da bai gama sarrafuwa ba, fiye da 1,000 ƙafafunsu suka shanye, cutar da ake kira konzo, wadda ba ta warkewa. Nama da kifi da ƙwai da madarar da ba a tafasa ba, akwai masu cin su ɗanye a Turai da Amurka da sunan komawa ga asali. Bircher-Benner ya riga ya ba su amsa da cokalinsa. Zuma ɗanya ce mai kyau, amma ba a ba jaririn da bai cika shekara ba.

Da yake galibin masu wannan tsari sun bar nama da nono gaba ɗaya, akwai abu ɗaya da ba za su same shi a kasuwar kayan gwari ba, ko sun zagaye ta sau bakwai: bitamin B12. A abincin da ya fito daga dabba yake. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa rashinsa ke zuwa a makare, lokacin da mutum ya riga ya gama yaba wa tsarin a gaban jama'a. Sai kasala, sai ƙarancin jini, sai tafin ƙafa ya fara jin kamar ana tsira masa allura, wani lahanin jijiya ma ba ya komawa. Kwalbar ƙwayar B12 tana cikin kayan wannan madafi kamar yadda wuƙa take. Mai ciwon sukari kuma ya yi hattara, don dabino da ayaba da mangwaron da na ce su ne ginshiƙi, a wurinsa lissafi ne da ba ya yi sai da likitansa. Yaro mai tasowa da mai ciki da mai shayarwa kuwa, ban ga hujjar da za ta sa a ɗora su a kan ɗanye zalla ba.

Ni gwajina mako biyu ya yi. Abin da ya saura a madafina daga cikinsa shi ne kwalabe shida a kan kanta, tukunya cikin tukunya a bayan ƙofa, da tiren ganye da ke riga tuwo sauka a tabarma. Karin safe yawanci gwanda ce ko kankana, da kofin kunun aya da 'yan dabino. Da daddare, bayan an kwashe kwanuka, nakan auna aya gwangwani biyu in zuba mata ruwa, in auna wake in tsince shi a roba ta daban. Ayar blenda za ta da safe, waken kuma tukunya. Gwaggo idan ta zo takan sha kunun har kofi biyu, ta ɗan tsakuri kwaɗon, sannan ta tambaya ko waken ya yi laushi.